Gida goma sha biyu, rijiya ɗaya: amsa ga masu son kafa unguwar haɗin gwiwa a Legas

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Agege ya rubuto cewa su magidanta goma sha biyu ne, yawancinsu 'yan kasuwa a Mile 12 da Agege. Haya ta ishe su, haka kuɗin ruwa da na man janareta tun bayan cire tallafin mai a 2023. Sun ga fili eka biyu wajen Agbowa, kan hanyar Ikorodu zuwa Epe, suna so su haɗa kuɗi su saya su zauna tare: rijiyar burtsatse ɗaya, sola ɗaya, lambu, kiwon kifi, shara ta koma taki, girki da gas na kashin shanu. Ya ce: ta ina za mu fara, kuma me ke rusa irin wannan zama?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Abin mai yiwuwa ne, kuma lissafinsa yana fita, domin rijiya ɗaya da aka haƙa da kyau ta fi rijiyoyi goma sha biyu na araha sauƙin kuɗi da tsaftar ruwa. Sai dai jerin da ka kawo duk kayan aiki ne, alhali su ne mafi sauƙi a lamarin. Sumo, wato injin turo ruwa da ake jefawa cikin rijiyar burtsatse, in ya ƙone, cikin yini ɗaya ana sayo wani. Tambayar da ke tasowa a daren da ya ƙone ita ce mai wuya: wa zai biya, nawa, kuma yaya za a yi da wanda ya ce watan nan ba shi da shi?

Abin da kuke shirin yi ba baƙo ba ne a wurinmu. Gandu ne, sai dai babu uba a kansa. A gandu 'ya'ya da ƙanne suna noma babbar gona tare, maigida ya ciyar, ya biya haraji, ya sayi kayan noma, ya yi wa saurayi aure. Amma kowa yana da gayaunarsa da yake nomawa bayan an tashi daga gandu, abin da ya samu nasa ne, babu mai tambayarsa. Gayauna ce ta sa gandu ya daɗe. Kowa kuma ya san lokacin da gandu ya fi watsewa: bayan rasuwar maigida, in aka zo rabon gado. Saboda haka ku haɗa abin da dole sai an haɗa shi kawai, ku bar wa kowane gida gayaunarsa. Tun da kuma ba ku da uban da maganarsa ke yanke gardama, takarda ce za ta zauna a mazauninsa. Unguwannin haɗin gwiwa da aka fara ginawa a Denmark tun 1972 a kan haka suka tsaya: kowane iyali da gidansa da madafarsa, abin da aka haɗa shi ne babban zaure da fili.

Fili tukuna. Kada kobo ya fita hannunku sai kun ɗauki safiyo mai lasisi, naku, ba wanda dillali ya kawo ba, ya je ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin, a kai ofishin Babban Safiyo na jiha a Alausa a duba su a taswira. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma gwamnatin Legas ta daɗe da karɓe yankuna masu faɗi a Ikorodu, Epe, Ibeju-Lekki da Badagry. Binciken zai nuna ko filin ba ya cikin abin da aka karɓe, ko yana ciki amma ba a ware shi wa wani aiki ba, wanda ana iya daidaita takardunsa da biyan kuɗi, ko kuwa an riga an ware shi wa hanya ko gidajen gwamnati. Na ƙarshen nan ku bar shi ko da kyauta aka ba ku. Ku tambayi kuma me aka tsara yankin dominsa. Tsakanin Ikorodu da Epe akwai ƙasa da yawa da aka keɓe wa noma, arahar da ake gani a can sau da yawa daga nan take, kuma hukumar LASPPPA, mai ba da izinin gini a jihar, ba za ta ba ku izinin gina gidajen zama a kanta ba.

In mai sayarwa ya ce ƙauyensu yana da eksishan, wato yankin da gwamnati ta sakar musu daga abin da ta karɓe, ku nemi lambar gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga sanarwarta a hukumance, da shafin da aka buga shi, safiyonku ya tabbatar filin naku yana cikin wannan iyakar, domin ana iya nuna gazet na gaskiya a sayar da filin da ke wajensa. "Eksishan yana kan hanya" magana ce, ba takarda ba. Lauya kuma ya bincika a rajistar filaye da kotu ko akwai shari'a a kansa. In filin dangi ne, dole shugaban dangin ya sa hannu tare da manyan kowane ɗaki. Cinikin da 'yan dangi suka yi ba shugaba ɓatacce ne tun daga tushe, wanda shugaba ya yi shi kaɗai kuma sauran suna iya zuwa kotu su warware shi. Ku biya ta banki, a ɗauki hoton sa hannu, a rubuta a takardar ciniki cewa kuɗin ya haɗa da duk abin da omo onile, wato 'ya'yan dangin masu ƙasa, suka saba nema lokacin fandisho, rufi da haƙa rijiya. Dokar kare kadarori ta jihar ta 2016 ta haramta yawancin wannan karɓe-karɓen, amma rubutun yana rage muku gardama a bakin fili. Ranar da aka biya a kafa ginshiƙai a kusurwoyi, a fara neman amincewar gwamna.

Sunan wa za a sa? Nan ne aka fi yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Don gudun kuɗin takardu sai a sa sunan dattijon da aka fi yarda da shi. Mutumin yana iya zama mai amana har ƙarshen ransa, amma ranar da ya rasu, a idon doka filin ya shiga dukiyarsa, magadansa kuma ba su ne suka yi muku alkawari ba. Abin da muke ba da shawara shi ne a raba filin kashi biyu tun a taswira. Eka biyu kusan murabba'in mita 8,000 ne. A yanka filoti goma sha biyu masu murabba'in mita 300, ka ga 3,600 ke nan, kowa da takardarsa da sunansa. Hanya da kwata za su ci kamar 1,600. Saura wajen 2,800 na masallaci, rijiya, tankuna, ɗakin batir, lambu da wurin wasan yara, wannan shi ne gandu, a sa shi da sunan ƙungiya mai rajista. Ku lura da bambanci: in kuka yi rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ƙungiyar ba ta raba riba ga 'ya'yanta, in ta rushe ma kadararta tana komawa ga wata ƙungiya mai irin manufarta, ba gare ku ba. Wannan ya dace da masallaci da rijiya, kusan kamar wakafi ne. Abin da kuke so kowa ya riƙe kasonsa a ciki, kamar sola, ya fi dacewa da ƙungiyar gama-kai mai rajista da gwamnatin jiha.

Sannan ku rubuta hanyar fita kafin ku shiga. A cikin shekara biyar dole wani zai so ya koma gida, wani kasuwa za ta juya masa baya, wani zai rasu. Fiƙihu ya riga ya ba mu shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya ya riga bare sayen kason da za a sayar. A mazhabar Malikiyya wannan haƙƙin yana kan abin da ba a raba ba, da an yanka iyaka ya faɗi, don haka ba zai hau kan filotan da kuka raba da kansa ba. Sai kun sa shi a yarjejeniya, lauya ya shigar da shi cikin takardar kowane filoti: mai son sayarwa ya fara tallata wa ƙungiya a rubuce, a ba ta kwana 90, masu ƙiyasin kadara biyu su sa farashi a ɗauki tsakiya, in ƙungiya ta kasa saye ya sayar wa wanda yake so bisa sharaɗin mai sayen ya sa hannu a dokokin unguwa. Na gado kuma, gida na magada ne kamar yadda shari'a ta raba, amma su fitar da mutum ɗaya da zai wakilce su, gida ɗaya murya ɗaya. Uwar marayu kada a ɗaga mata hankali da kuɗin wata har sai ta fita takaba, asusun ƙungiya ya ɗauka. Wani zai ce wannan rubuce-rubucen rashin yarda ne tsakanin 'yan'uwa. Ku tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi tsakaninsu. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, takarda ita ke sa saɓanin ya tsaya a kan magana ɗaya.

Filin kansa ku gan shi a watan Yuni ko Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi. Filin da aka nuna muku a Janairu bai faɗa muku komai ba. Ku duba alamar ruwa a jikin katangun maƙwabta, ku leƙa rijiyarsu ku ga a mita nawa ruwa yake, in kun ga tukurwa da ciyawar fadama ku san ciko da fandisho za su ci kuɗin da kuka ɗauka kun rage. A yi gwajin ƙasa kafin zane. Daɓen ɗaki ya ɗara tsakiyar hanya da aƙalla santimita 60, kuma kwata ta riga gini, a san inda ruwan zai fita ba tare da an tura wa maƙwabci ba.

Ruwa. Gida goma sha biyu a ɗauka mutum 70. In kowa zai yi amfani da lita 50 a rana, lita 3,500 ke nan, in akwai banɗaki na zamani a kowane gida ku lissafa lita 80, wato 5,600. Ku tanadi na kusan kwana biyu: tanki biyu masu lita 5,000, a haɗa su ta yadda za a iya rufe ɗaya a wanke, ɗayan yana aiki. Tanki ɗaya cike tan biyar ne, don haka hasumiyar da za ta ɗauki tan goma aikin injiniya ce, ba na mai walda kaɗai ba. Tsayin mita 6 ya isa ya tura ruwa gidaje marasa bene in babban bututun bai gaza inci ɗaya da rabi ba. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya yakan ba da lita 2,000 zuwa 3,000 a awa gwargwadon zurfi, sai a sa shi ya yi aiki tsakanin sha ɗaya na safe da biyu na rana, lokacin da sola ke da rara, kada ya taɓa batir. A sa masa makunni mai yawo a tanki da abin da zai kashe shi in ruwa ya janye a rijiya. Yawancin sumo da ke ƙonewa a bushe suka yi gudu.

Ruwan ƙasa a Legas yana da halinsa. A wurare da yawa yana ɗauke da sinadarin ƙarfe: ya fito garau, bayan awa ɗaya ya yi ja a bokiti, ya ɓata fararen kaya. Yakan kuma yi tsami, ya ci bututun ƙarfe, shi ya sa na roba ya fi. Kusa da teku da kogin gishiri, haƙa marar lissafi na iya jawo ruwan gishiri, wannan kuwa tacewar yashi ba ta cire shi. Maganin ƙarfen shi ne a fesa ruwan cikin iska a tankin farko ya kwanta, ya bi ta tukunyar yashi, sannan ta gawayi, kuma a riƙa mayar da ruwa baya ana wanke tukwanen duk mako. In aka bar wankin wata biyu, tacewar ta zama gidan ƙwayoyin cuta. Kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, bayan gawayi ake sa shi, domin gawayi yana shanye shi: bilic marar ƙamshi mai ƙarfin kashi 3.5, kamar mililita 150 a lita 5,000, a jira minti 30. A kai ruwa ɗakin gwaji sau biyu a shekara, bayan ruwan farko da tsakiyar rani. Kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100, ƙarfe kada ya wuce miligiram 0.3 a lita. Wanda ya ga kwalarar da ta ɓarke a Legas a Yunin 2024 ba zai raina wannan ba, rijiya ɗaya kuwa in ta gurɓata, mutum 70 ne a lokaci ɗaya.

Abin da ke gurɓata ta yawanci salga ce. A sa rijiya a tudun filin, tsakaninta da kowace salga mita 30, a tsaya a kan mai haƙa ya cike gefen bututun da siminti daga sama zuwa ƙasa mita da yawa, ya yi daɓe mai gangara a bakinta. Wannan ne aikin da ake tsallakewa in babu mai kallo. Inda ruwan ƙasa ke kusa, sokawe, ramin da ke tsotse ruwan salga, ba ya tsotsa da damina, sai ya dawo banɗaki. A irin wurin a gina salga wadda ba ta yoyo, a ɗaga bakinta sama da ƙasa, a raba mata ruwan wanka da wanki. Wannan ruwan a kai shi rami mai faɗin mita biyu cike da tsakuwa da busasshen ganye, a dasa ayaba kewaye da shi, ita za ta shanye.

Ruwan sama kuma kyauta ne da Legas ke zubarwa a kwata. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, da ruwan shekara na milimita 1,500, in an cire kashi 20 na asara, lita 120,000 ne. Ruwan dare ɗaya mai milimita 50 zai cika tankin lita 4,000. Wannan gayauna ce, kowane gida ya sa tankinsa a ƙarƙashin indararonsa, da raga a baki saboda sauro, da bututun da zai zubar da lita 100 na farko da suka wanke kwano, fiye da haka a ruwan farko bayan ƙurar hunturu. Ya isa wanki, banɗaki da ban-ruwa.

Wuta ita ce ta fi haɗa faɗa, don haka bari mu yi lissafin a fili. Gida mai fanka, fitilu, talabijin, cajin waya da firij mai tattali yana cin kamar yunit 3 a rana. Sau goma sha biyu 36, da sumo da fitilun hanya a ce 40. Ranar Legas ba ta Kano ba ce: a ƙiyasta awa 4 na cikakkiyar rana, a Yuli da Agusta ta sauka wajen 3. In aka cire rubu'i na asarar zafi, waya da inbata, ana buƙatar farantai na kilowat 13, wato guda 24 masu wat 550, in kuma ana so damina ta wuce ba janareta sai an kai 32. Na dare kamar yunit 24 ne, wato batirin litiyom shida masu yunit 5, don kada a riƙa zuƙe su ƙasa da kashi 20. Batirin ruwa ya fi araha a ranar saye, amma rabinsa kawai ake ci, kuma a zafin nan shekara biyu zuwa uku yake yi. A kafa farantai da ɗan karkata, kamar digiri 10, ruwan sama ya riƙa wanke su. A yi inbata biyu maimakon babba ɗaya, a kafa sandar tagulla a ƙasa da abin kare tsawa, ɗakin batir ya sami iska da makulli.

To lissafin nan yana rushewa daren da gida ɗaya ya jona hita, ko abin girki na lantarki, ko na'urar sanyaya ɗaki. Ƙarfe biyu na dare batir ya mutu, gida goma sha ɗaya suna zufa, da safe kowa yana zargin kowa. Ra'ayinmu shi ne solar ƙungiya ta tsaya a kan sumo, fitilun hanya, masallaci da firiza ɗaya ta haya, kilowat 3 zuwa 4 sun isa, kowane gida ya sa tasa gwargwadon aljihunsa. In kun nace sai kun haɗa duka, to kowane gida da mitarsa da bireka mai amfiya 6, wadda ba ta barin abin da ya wuce wat 1,400 ya wuce, kuma a ajiye su duka a akwati ɗaya mai makulli a ɗakin batir, ba a jikin gidajen ba. Wanda ya jona hita wutarsa kaɗai za ta ɗauke. Guga a yi ta da rana. Ruwa ma haka, kowane gida da mita. Gidan mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya da gidan ango ba za su biya kuɗi ɗaya a zauna lafiya ba.

Tun watan farko a raba kuɗin batir gida 96, wato shekara takwas, a riƙa tara kashi ɗaya duk wata, a sabunta lissafin duk shekara da farashin kasuwa. Sumo a raba shi gida 48. Ayyukan sola da na rijiya da ake gani a mace a unguwanni yawancinsu an sami kuɗin kafawa ne, ba a tanadi na canji ba.

Gas na kashin shanu, ku ajiye shi gefe. Kilo ɗaya na ɗanyen kashi yana ba da kamar lita 40 na gas, girkin iyali ɗaya yana cin wajen lita 1,500 a rana, wato kilo 40. Gida goma sha biyu kusan rabin tan kullum, aikin garke guda, jigilarsa daga mayankar Oko-Oba kuma ta fi kuɗin tukunyar gas. Taki ne abin da zai yi muku aiki. Mutum 70 suna fitar da kamar kilo 35 na shara a rana, kusan rabi ragowar abinci da ɓawo. A gina ɗakuna uku masu mita ɗaya ta kowace fuska, da rufi, domin ruwan Legas yana mayar da tarin taki taɓo mai wari. Bokiti ɗaya na ɗanyen shara, biyu na busasshe, dusar katako ko ganye ko yagaggen kwali. A juya duk mako. In ka matse a hannu ya ɗiga, ruwa ya yi yawa, ƙara busasshe, in ya watse kamar gari a yayyafa ruwa. Cikinsa ya yi zafin da hannu ba ya jurewa a makon farko, cikin mako 8 zuwa 12 ya nuna. Nama, mai da tuwon da ya kwana kada su shiga, ɓera suke kira, ɓera kuwa shi ke kawo zazzaɓin Lassa. Rabewar a madafa ake yin ta, bokiti biyu a kowane gida. Roba da ƙarfe na 'yan gwangwan ne, ragowar a yi rajista da masu kwasar shara na LAWMA, kada a ƙone.

Lambun zai ba ku miya, ba zai ba ku tuwo ba. Ku da kuke Mile 12 kun fi kowa sanin dalilin da ya sa tirelolin tumatir da albasa ke gangarowa daga arewa: laimar Legas da cutar da ke cikin ƙasa suna sa tumatir ya yi yaushi ya mutu yana tsaka da fure, albasa kuma tana son rani. Ku shuka abin da ƙasar ke so, alayyafo mai nuna cikin wata ɗaya, lalo da Yarbawa ke kira ewedu, ugu, kuɓewa, yakuwa, zogale, gwanda da ayaba, a kan kunya mai faɗin mita ɗaya da tudun santimita 25. A raba kunyoyin gida-gida. Lambun da aka ce na kowa ne, a wata na uku ciyawa ke cinye shi. Kiwon tarwaɗa sana'a ce, abinci kaɗai yana cin kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin, kuma dare ɗaya na rashin canjin ruwa yana kashe kifin duka. A ba mutum ɗaya hayar wurin, ya biya ruwa da mita, ruwan da ya zubar ya tafi lambu. Wanda yake so ya ga yadda ake haɗa kifi, kaji, lambu da taki su ciyar da juna, ya tsallaka iyakar Seme ya je cibiyar Songhai a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin, wadda Godfrey Nzamujo ya kafa a 1985. Ya dai tuna can ma'aikata da ɗalibai ne ke aikin yini guda, ku kuwa da asuba kuke fita kasuwa.

Saboda wannan fitar asubar ne gayya kaɗai ba za ta riƙe unguwa ba. Ku yi gayya sau ɗaya a wata, awa uku, na yashe kwata da wanke farantai, wanda bai zo ba ya aiko wani ko ya biya kuɗin lebura. Aikin kullum, kunna sumo, karanta mita, juya taki, a ɗauki mutum ɗaya a biya shi albashi, da littafin da yake rubuta abin da ya yi. Kuɗi a asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, biyu su isa, a karanta shiga da fita a taron wata. Ƙananan abubuwa a yi su da fahimtar juna, ƙarin kuɗi sai da kashi biyu cikin uku, taɓa filin gandu sai da gida goma cikin goma sha biyu. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009 kan nazarin yadda jama'a ke riƙe makiyaya da ruwan noma na tarayya, ta nuna waɗanda suka daɗe suna da iyaka bayyananna, masu sa ido daga cikinsu, da horo mai hawa-hawa. Ku yi haka: watan farko tunatarwa a asirce, na biyu zama da dattawa, na uku a cire gidan daga wutar ƙungiya. Ruwan sha kada a taɓa yanke wa kowa, a rufe na cikin gida in ya zama dole, famfon tsakar unguwa ya zauna a buɗe. A ware kuma ɗan asusu na bashi marar ruwa, domin wanda kayansa suka ruɓe a hanya daban yake da mai taurin bashi.

A tambayarka, Malam, babu mata, alhali su ne za su yini a unguwar. Su suka san lokacin da ake buƙatar ruwa, inda bokitin shara zai zauna, tagar da ke kallon tsakar gidan wani, da nisan makaranta da asibitin haihuwa. A nuna musu zanen kafin a kai shi neman izini, kuma su sami zamansu da wakilai biyu masu ƙuri'a a kwamiti. Rabe shara da tattalin ruwa a hannunsu yake, dokar da aka yanke ba su ba za ta wuce mako biyu ba.

Kafin ku biya kuɗin fili, ku gwada kanku da abu biyu. Ku yi adashi na wata goma sha biyu da adadin da kuke sa ran zai zama kuɗin wata, ranar biya ɗaya, a rubuce. Wanda ya yi ta latti a adashi haka zai yi a kuɗin batir, gara a sani tun babu bulo a ƙasa. Sannan mutum uku su kwana a Agbowa mako guda da damina, su riƙa fita kasuwa a lokacin da suka saba, su rubuta kuɗin mota da awannin hanya. In abin da hanya ke ci ya kai hayar da kuke gudu, ku nemi eka ɗaya kusa da gari.

Maƙwabta kuma su ne katangarku ta gaskiya. Wanda ya zauna Legas ya san rikicin ƙabilancin da ya faru a Idi-Araba a 2002 da Mile 12 a 2016. Ku gaida Baale, wato dagacin garin, tun kafin ciniki, da wanda ke jin Yarbanci a cikinku, ku shiga ƙungiyar raya unguwa ta yankin, wadda ake kira CDA, ku riƙa biyan kuɗin tsaro da gyaran hanya, ku ɗauki magina da leburori daga garin. Awaki da raguna a ɗaure, domin akuya ɗaya a gonar rogo ta isa ta ɓata shekara guda ta gaisuwa. Lasifikar masallaci a juya ta cikin unguwa a rage mata murya, hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, tana rufe wuraren ibada saboda ƙara. Ku fitar da famfo ɗaya bayan katanga, da mitarsa, a buɗe shi awa biyu da safe, awa biyu da yamma, a yi masa daɓe da magudana don kada wurin ya zama taɓo. Lita 500 a rana za su ishe shi, a sa su cikin lissafin tanki tun yanzu.